Daga Na'urar Hama Zuwa Injin Ban-ruwan Kura: Taƙaitaccen Tarihin Kukan Na'ura

   

Gabatarwa

Kwanakin baya, bayan mun tashi daga darasin yamma, wani ɗalibina ya tsaya har kowa ya watse, sannan ya miƙo mini wayarsa. Abin da na gani shi ne tarin tsofaffin kayan cikin kwamfuta an jera su a kan katako, babu lasifika, babu makaɗi, amma suna fitar da kiɗa mai tsari. Ya ce, "Malam, wannan gaskiya ne ko haɗi ne? In gaskiya ne, ta yaya ƙarfe ya san waƙa?" A daidai lokacin injin casar shinkafa da ke bayan makarantarmu yana ta bugawa kamar kullum, wanda saboda sabo mun daina jin sa. Na ce masa gaskiya ne, kuma rabin amsar tambayarsa ga ta nan tana shigowa ta taga. Sauran rabin kuwa sai an koma tarihi, shi ne abin da nake son mu bi tare da mai karatu a yau.

Sunan da ya zo daga ƙara

Bari mu fara da kalmar da ke bakinmu. Bahaushe yana kiran kowane irin inji na'ura, har kwamfuta ma da ta zo ya raɗa mata suna na'ura mai ƙwaƙwalwa. Kalmar ta Larabci ce, amma a wurin Larabawa ba kowane inji take nufi ba. Na'ura wani ƙaton gargare ne na katako da ake kafawa a bakin kogi, ƙarfin ruwa ya riƙa juya shi, 'yan akwatunan da ke jikinsa su ɗebi ruwa daga ƙasa su juye shi a wata magudana da ke sama, daga nan ya gangara zuwa gonaki da gidaje da masallatai. Masana lugga suna danganta sunan da aikatau ɗin "na'ara", wato yin gurnani ko kururuwa, saboda kukan da katakon ke yi idan yana juyawa a kan sandarsa.

Garin da ya fi shahara da su shi ne Hama da ke ƙasar Siriya, a bakin kogin Asi. Mafi girmansu, wadda ake kira Muhammadiyya, an gina ta a shekarar 1361, kuma tsayinta ya kai kimanin mita 21. Mawaƙan Larabawa, daga Sham har Andalus, sun daɗe suna kamanta kukan na'ura da kukan mai bege, ruwan da ke zuba daga jikinta kuma da hawayensa. Ke nan tun daga tushe, injin ban-ruwa ne ya ba mu sunan, shi kuma ƙararsa ce ta ba shi. Mu mutanen Kura da Bunkure da Garun Malam, da abincinmu ya rataya a kan ruwan rani, mun fi kowa cancantar sanin wannan.

Abin da kunne ya gada kafin zuwan inji

Kafin inji ya iso ƙasar nan, aiki da kansa yana da kiɗansa. Iyayenmu mata suna lugude, su biyu ko uku a turmi guda, wannan ta ɗaga taɓarya waccan ta sauke, wata ma ta cilla tata sama ta tafa kafin ta cafe. Ba don nishaɗi kaɗai ake yin sa ba: idan bugun ya saɓa, taɓare za su gwabza, wani lokaci har a ji rauni. Akwai waƙar niƙa a kan dutse, akwai waƙar daɓe, akwai gangar noma a ranar gayya. A lambu kuma akwai jigo, da ƙugin da yake yi duk sa'ad da guga ya nutse ya taso.

Kura ma tana da nata na musamman. Garin ya yi suna da rini da bugu, har rawanin nan mai sheƙi da Buzaye ke ƙauna ake ce masa ɗan Kura. Bayan an tsamo tufa daga marina, sai a kai ta wurin 'yan bugu, su shimfiɗa ta a kan gungumen itace, su zuba shuni, su yi ta saukar mata da gudumar itace bi-da-bi har ta ɗauki ƙyalli. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya shigo Kano a 1851, ya tarar da tufafin ƙasar suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus. A bayan kowane rawani da ya ƙetare Sahara akwai dubban bugu da aka jera a kan ma'auni ɗaya.

Kada mai karatu ya raina wannan. Ibn Khallikan ya kawo labarin cewa Khalil ɗan Ahmad al-Farahidi, malamin Sibawaihi, wanda ya rasu wajajen shekara ta 170 bayan hijira, ya samo mabuɗin ilimin arula ne wata rana da ya ratsa ta wurin maƙeran tagulla a Basra, ya ji saukar guduma a kan tasa. Wata ruwayar kuma ta ce layin masu wanki da bugun tufafi ne ya bi. Ko ma wanne ne, ya fitar da karuruwan waƙa 15, daga baya Akhfash ya ƙara na 16. Littafin Tuhfatul Aɗfal da yaranmu ke rerawa a darasin tajwidi, a kan ɗaya daga cikinsu aka ɗora shi, wato rajaz. Mutane nawa ne suka bi ta wannan kasuwa kafin Khalil, ba su ji komai ba sai hayaniya?

'Ya'yan Musa da sarewa mai busa kanta

A ƙarni na 9 na Miladiyya an yi wasu 'yan'uwa uku a Bagadaza, Muhammad da Ahmad da Hasan, 'ya'yan Musa ɗan Shakir, waɗanda suka tashi a ƙarƙashin kulawar Halifa Ma'amun. Littafinsu Kitabul Hiyal ya ƙunshi dabaru kusan 100, galibinsu na sarrafa ruwa da iska. Suna kuma da wata risala daban a kan wata sarewa mai busa kanta. Rubutun ya tsira a Bairut, aka buga shi a mujallar Al-Mashriq a 1906, sannan Henry George Farmer ya fassara shi zuwa Turanci a 1931.

Ga yadda take aiki a taƙaice. Ruwa yana shiga wasu rufaffun mazubai ya matse iskar da ke ciki, iskar ta bi bututu zuwa bakin sarewa. Ruwan dai shi ke juya wani gargare, gargaren ya juya wani gungume da aka dasa wa haƙora. Duk haƙorin da ya zagayo sai ya ɗaga wani ɗan maɗauki da ke toshe ɗaya daga cikin ƙofofin sarewar, ya buɗe ta na wani ɗan lokaci, sannan ya sake ta. Ke nan haƙoran su ne yatsun mabushi. Abin lura a nan shi ne, sarewar ba ta san waƙa ba, waƙar tana jikin gungumen ne; in an sauya jerin haƙoran, sai ta busa wata. Saboda haka ne wasu masana tarihin kimiyya suke ƙirga ta cikin na'urori na farko da ake iya rubuta wa umarni su bi, wanda shi ne ainihin abin da kwamfuta ke yi a yau.

To amma tarihin waɗannan bayin Allah yana da wani shafi da ya shafe mu kai tsaye. An ruwaito cewa Halifa Mutawakkil ya ɗora musu aikin haƙa magudanar ruwa zuwa sabon birninsa na Ja'afariyya, su kuma suka danƙa aikin ga Farghani, masanin taurari. Aka yi kuskure wurin auna gangaren ƙasa, ruwa ya ƙi tafiya sai in kogin Dijla ya cika. Abin da ya cece su shi ne wani masani, Sanad ɗan Ali, wanda suka taɓa ɓata wa, ya rufa musu asiri a lokacin da kogin ke cike, kuma kafin ruwa ya ja baya aka kashe halifan a shekarar 861. Duk wanda gonarsa ke can ƙarshen kanal ya san ma'anar wannan labari: ana iya burge sarki da sarewa, amma ruwa ba ya hawa tudu don kunyar kowa.

Bayansu da shekaru kusan 350 sai ga Al-Jazari, injiniyan fadar sarakunan Amid, wato Diyarbakir ta ƙasar Turkiyya a yau. A 1206 ya kammala littafinsa mai dabaru 50, cikinsu har da na'urori 5 na ɗaga ruwa, da kuma wani ɗan jirgin ruwa mai ɗauke da mutum-mutumin makaɗa huɗu da ruwa ke motsa hannayensu. Gaskiya ɗaya ce, wannan jirgi an yi shi ne don majalisar shaƙatawar sarki, ba don wata ibada ba, kuma ba sai mun ɓoye haka ba. Abin da ya dame mu shi ne, hannun da ya ƙera abin wasan shi ne ya ƙera abin ban-ruwan, kuma ilimi ɗaya ne ya haifi duka biyun.

Daga ƙahon kwamfuta zuwa faifan fulofi

Kwamfutocin farko, masu cika ɗaki guda, an sa musu wani ɗan ƙaho ne don ya sanar da mai aiki cewa lissafi ya ƙare ko an sami matsala. Sai wasu suka lura cewa in aka umarci ƙahon ya yi ƙara a jere cikin sauri, ƙarar takan rikiɗe ta zama murya. A 1951 kwamfutar CSIRAC ta yi kiɗa a gaban jama'a a birnin Sidni na Ostareliya. A wannan shekara dai BBC ta naɗi kiɗan kwamfutar Jami'ar Mancesta a Ingila, wanda ya samo asali daga umarnin da Christopher Strachey ya rubuta, kuma a lokacin shi malamin makaranta ne. A 1975 wani mai suna Steve Dompier a Amurka ya gano cewa rediyon da ke kusa da ƙaramar kwamfutarsa ƙirar Altair tana kama tartsatsin lantarkin da ke fita daga cikinta, sai ya tsara lissafin yadda tartsatsin zai fita da waƙa.

Abin da ɗalibina ya nuna mini shi ne jikan waɗannan. Sunansa Floppotron, kuma wani injiniya ɗan ƙasar Folan, Paweł Zadrożniak, shi ya haɗa shi. Ya fara a 2011 yana ɗalibi a birnin Krakow, da mazubin faifan fulofi guda biyu kacal. Waɗanda suka yi zamanin shagunan buga takardu na shekarun 2000 za su tuna wannan faifai mai kusurwa huɗu, wanda ba ya ɗaukar abin da ya kai hoto ɗaya na wayar yanzu, da gurnanin da kwamfuta ke yi in an zura shi. A 2016 ya kai su 64, tare da rumbun ajiya 8 da na'urar kwafar hoto 2. A 2022 ya kai mazubin fulofi 512, rumbun ajiya 16, na'urar kwafar hoto 4.

Sirrin abin ba shi da nisa. A cikin mazubin fulofi akwai wata 'yar mota ta lantarki da ba ta juyawa a sake, sai dai taku-taku: duk sa'ad da aka aika mata da wuta sau ɗaya, sai ta matsar da allurar karatu taku ɗaya, ta yi ƙas. In aka aika sau 5 a daƙiƙa, kunne zai ji ƙas-ƙas a rarrabe. In abin ya haura kamar sau 20 a daƙiƙa, kunne ya kasa rarrabewa, sai ya ji murya ɗaya mai kauri. In ya kai 440, sai ta zama muryar nan da makaɗan Turai ke daidaita kayansu da ita. Rumbunan ajiya kuwa su ne ganguna, domin hannun da ke cikinsu ake sa wa ya bugi ƙarfe. Haƙoran gungumen 'ya'yan Musa ne suka koma lambobi, ba wani abu ba.

Wannan ya bambanta da abin da ya faru a Kano a ƙarshen shekarun 1990, lokacin da fiyano ƙirar Yamaha ya shiga ɗakunan naɗar waƙoƙin fim ya riƙa kwaikwayon kalangu da sarewa. Shi fiyano don kiɗa aka ƙera shi tun farko. Mazubin fulofi kuwa ƙararsa aibi ce da masu ƙera shi suka so ragewa, wani ya zauna ya fahimci dalilinta har ya iya juya ta yadda ya so.

Mu dawo gida

An gina madatsar ruwa ta Tiga tsakanin 1971 da 1974, a zamanin Gwamna Audu Bako, bayan an fara gwajin noman rani a Kadawa. Kashi na farko na shirin an tsara shi a kan hekta 22,000, kuma bayan kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are a 1976 kula da shi ya koma hannunta. Wani abin da matasa ba su cika lura da shi ba shi ne, wannan gagarumin aiki ba da inji yake tura ruwa ba. Gangaren ƙasa ne ke ɗauko shi daga Tiga, ta babban kanal zuwa rassansa, har manomi ya sa ɗan bututu ya zuƙo shi zuwa kunyarsa. Wato abin da Farghani ya kuskure, shi aka dace da shi a nan.

Ƙarar ta zo ne daga baya. Injin niƙa ya karɓi aikin dutse, injin casa ya karɓi na turmi, har Kura ta zama cibiyar casar shinkafa. Daga shekarun 1980 zuwa na 1990, musamman da shirin Fadama, ƙananan injunan ban-ruwa masu shan fetur suka bazu, suka kori jigo, suka kai ruwa inda kanal bai kai ba ko inda kacalla ta toshe shi. Ba zan yi kukan wannan sauyi ba, domin ba ni ne nake kwana da ciwon kafaɗar daka ba. Iyayenmu mata da suka huta su ne ke da ta cewa. Amma dai lugude ya ja baya, kuma abin da ya maye gurbinsa ba mu ɗauke shi abin saurare ba.

Alhali kuwa lissafin Floppotron yana nan a cikinsa. Tsohon injin dizal mai silinda ɗaya, irin ƙirar Lister da ke juyi 650 a minti, yana tashin wuta sau ɗaya ne a kowane juyi biyu, wato sau 325 a minti, ɗan sama da sau 5 a daƙiƙa. Shi ya sa ake jin sa kamar bugun ganga. Ƙaramin injin ban-ruwa mai juyi 3,600 a minti yana tashi sau 30 a daƙiƙa, shi ya sa nasa ke zama gurnani. Manomi yana can ƙarshen gona zai ji muryar injinsa ta yi sama ta siranta, ya yar da fartanya ya sheƙo da gudu, don ya san tiyo ya zuƙi iska, ruwa ya yanke. Bakanike na ƙwarai kafin ya taɓa sifana sai ya ce a tayar masa ya ji. Waɗannan mutane suna karanta sauti kamar yadda Khalil ya karanta shi, sai dai ba wanda ya taɓa gaya musu cewa ilimi ne, balle a ɗora su a kan mataki na gaba.

Kammalawa

Na san wani zai ce, to Malam, mene ne hukuncin irin wannan kiɗa? Saɓanin malamai a kan kayan kiɗa tsoho ne kuma sananne, kuma Imamul Gazali ya ware masa babi guda a cikin Ihya'u, inda ya karkasa sautuka masu ma'auni zuwa na maƙogwaron mutum, da na tsuntsaye, da na sandararrun abubuwa. Wannan fage ne na fatawa, a kai shi ga ma'abotansa. Ni abin da na ɗauko shi ne tarihi, kuma abu biyu nake so matasanmu su riƙe daga cikinsa.

Na farko, ɗalibina ya fara da zaton ko sihiri ne ko haɗi, kuma wannan zato shi ne ciwon. Muddin muna kallon na'ura a matsayin abin mamakin wasu mutane, to za mu dawwama muna saye, in ta lalace mu jefar. Tsofaffin firintoci da rumbunan kwamfuta da ke jibge a shagunan gyara cike suke da irin waɗannan 'yan motoci masu taku. Yaron da ya kwance ɗaya ya gane yadda ake ƙirga takunta, ya kama hanyar gane yadda za a sa ƙofar kanal ta buɗe kanta ta rufe a kan lokaci, kuma mun fi bukatar wannan fiye da waƙa.

Na biyu, kunnen da ake wannan karatu da shi amana ne, kuma muna ɓarnatar da shi. Masana lafiya sun sa iyakar ƙarar wurin aiki a desibel 85 na awa 8 a rana, kuma alamar an kai wurin ita ce sai ka ɗaga murya kafin wanda ke gabanka ya ji ka. Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin injin casa ya san ihu ake yi. Jin da ƙara ta kashe ba ya dawowa. Masu injuna su ji tsoron Allah su sama wa yaransu abin toshe kunne, kuɗinsa bai kai na man da injin ke sha a wuni ba, su kuma nisanta injin daga jikin makaranta da masallaci gwargwadon iko.

Shi kuwa ɗalibin nawa, na ba shi aikin gida: ya je wurin injin niƙan unguwarsu da agogo, ya ƙirga bugunsa a minti ɗaya, ya lissafa mini juyinsa. Mai karatu ma yana iya gwadawa. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren kuwa nawa ne, Allah Ya yafe mana. Allah Ya amfanar da mu da jinmu da ganinmu muddin muna raye, Ya sa albarka a nomanmu na rani da na damina.